Kafin a yanka ragon suna: yadda dangi za su tsare gidan masu jego daga raini da duka

Idan mace ta haihu a garin nan, kowa ya san aikinsa. Akwai mai hura wutar ruwan wanka tun kafin kiran assalatu, akwai mai dama kunu, akwai wadda za ta zauna gefen gado tana amsa gaisuwar 'yan barka. Wanzami ya san ranarsa, mai sayar da rago ma ya san za a nemo shi. Aiki ɗaya ne ba a ɗora wa kowa, wato lura da yadda mutum biyun da suka haifi yaron za su zauna da juna a watannin da ke tafe. Wannan an bar shi ga "Allah ya raya" da "sai haƙuri".

Ni ungozoma ce. Na yi aiki a asibitocin gwamnati cikin Katsina da wasu ƙauyukan da ke kewaye har na yi ritaya. Yanzu ina zaune wajen Ƙofar Marusa, dangi da maƙwabta sun mayar da ɗakina wurin kawo ƙarar aure ba tare da na nema ba. Yawancin auren yaran da ake kawo mini bayan ya kai ga mari, in aka bi diddigi, sai a tarar tsamin ya faro ne tsakanin cikin fari da yaye. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa shan duka ko tilascin kwanciya, mafi yawa daga hannun wanda take zaune da shi. Mu da muka yi aiki a ɗakin awo mun san ciki da jego na cikin lokutan da abin ke farawa, ko ya tsananta in dama akwai shi.

Da ku nake, uwar miji da uwar yarinya, gwaggo da kawu, waliyyi, da kai abokin ango da ka yi ta rawar ƙafa ranar ɗaurin aure. Su ma'auratan su kasa kunne.

A zauna tun ciki na wata bakwai

Kada a jira haihuwa, don daga ranar da aka haihu babu mai natsuwar magana sai bayan suna. A samu babba ɗaya daga wajensa, ɗaya daga wajenta, irin waɗanda yaran ke jin nauyinsu amma ba sa tsoronsu, a zauna da su biyun. Ba taro ba ne, ba a gayya, fura ma ta isa.

Maganar farko mai sauƙi ce: ina za a haihu, wa zai kai ta in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, akwai lambar mai mota ko mai Napep da zai ɗaga waya, nawa aka ajiye. Sai wankan gida. In haihuwar fari ce yawanci gida za ta tafi, to a faɗa a fili yaushe za ta tafi, yaushe za ta dawo, me miji zai riƙa aikawa na cefane da itace, kuma yaushe zai riƙa zuwa ganin matarsa da ɗansa ba tare da an bar shi yana bushewa a zaure ba. Na ga auren da ya girgiza don uban yarinya na ganin an sakar masa ciyarwa, shi kuma yaron na ganin an raba shi da iyalinsa, kuma babu wanda ya furta, kowa na kara.

Inda za a daɗe shi ne kuɗin suna. A ɗauko takarda da biro. Abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar shi ne rago ɗaya ranar bakwai, namiji aka samu ko mace, shi ma ga mai hali. Turamen fitar suna, leshi, anko, rumfa da kujeru, mai hoto, robobin rabo, duk al'ada ce da gasa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, ciniki da albashi ba su bi ba, amma idon 'yan suna bai rage komai daga abin da yake nema ba.

Wani ɗan ƙanena mai gyaran waya ya ci bashi ya yi suna na gani na faɗa. Aka watse, masu bashi suka fara bugo waya. Ya shigo gida da dare, matarsa ta ce masa famfas ya ƙare. Ya ce, "Ke ba ki san komai ba sai kawo-kawo." Ta ce, "Ai ba ni na ce ka yi abin da ya fi ƙarfinka ba." Ya yi jifa da kwanon abinci ya fita. Da safe ya zo mini ido jajir, ya ce, "Gwaggo, wallahi ko na shan ruwa ba ni da shi, ita kuma gani take ɓoyewa nake." Na tambaye shi ko ta san nawa ake binsa. Ba ta sani ba. Ko abin da yake samu a rana ba ta sani ba. Na sa ya koma ya zaunar da ita ya faɗa mata adadin, naira da kwabo. Ita da kanta ta ciro turmi biyu da ba a ɗinka ba ta ce a sayar.

Maza da yawa na ganin faɗa wa mace gaskiyar aljihu zubar da girma ne. To macen da ba ta san abin da ke aljihunka ba, in ka ce babu, ɗayan biyu za ta ɗauka: ko rowa, ko wata a waje. A wannan zaman kuma a tsayar da cewa kuɗin barka da aka damƙa wa mai jego nata ne, ba a taɓawa sai da yardarta. Sunan da za a raɗa wa yaro ma a yi shawara da ita. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ko a kan yaye ta ambaci yarda da shawara tsakanin iyaye biyu, kuma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta ko uba saboda ɗansa. In yaye na son shawara, ina ga sauran al'amuran yaro?

Ku ba angon ƙarni aiki

Mu tsofaffi muna da laifi a nan. Yaro ya leƙo ɗaki, mu ce, "Kai, fita, nan ba wurin maza ba ne." Aikinsa ya zama kawo kuɗi da kayan ƙauri kawai. Bayan kwana arba'in kuma mu miƙa masa mata da jariri, bai taɓa ɗaukar jaririn minti biyar ba, bai san mene ne ɗinki ba, bai san sau nawa ake shayarwa cikin dare ba. Mutumin da bai ga wahala da idonsa ba, in an ce masa an gaji, son jiki zai kira shi.

A tura shi awo tare da ita ko sau ɗaya, ya ji bayani daga bakin ma'aikaciya. Maganar da matarsa za ta faɗa ya ce raki ne, in mai farin kaya ta faɗa yakan riƙe. Bayan haihuwa, ke uwar ɗaki, ki zaunar da shi kan tabarma ki ɗora masa yaron: tafin hannu ɗaya ƙarƙashin ƙeya, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, sai ki nuna masa yadda ake kwantar da shi a kafaɗa ana shafa baya har ya yi gyatsa. Zai yi ta zufa, hannunsa na rawa, ki ƙyale shi. Aikin da na fi ɗora wa sababbin iyaye maza shi ne na bayan sallar Asuba: da ya dawo masallaci, in an shayar da yaro, ya karɓe shi ya fita da shi falo ko tsakar gida in babu sanyi, uwar ta samu barcin awa ɗaya ko biyu ba a taɓa ta ba. Wannan barcin kaɗai ya kashe faɗa da yawa.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya an amince masu da hutun kwana 14 na haihuwar matansu tun 2021. Wanda ke da shi ya ɗauka, kuma ya yi shi a gida, kada majalisar abokai ta cinye. Mai shago ya riƙa rufewa da wuri. Ku kuma abokai, ku daina kiran mutum mijin-ta-ce don an gan shi da jariri a kafaɗa ko yana shanya kayan yaro. An tambayi Nana A'isha me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Sati na shida

Wannan ne wurin da nake so kowa ya riƙe, don nan aka fi faɗuwa. Jariri sabon haihuwa na shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Kukansa kuma ƙaruwa yake daga sati na biyu, ya kai ƙarshen yawansa wajen sati na shida, sannan ya fara sauƙi zuwa wata uku ko huɗu. Yakan fi yi da yamma zuwa dare, wani lokaci ba yunwa ba ciwo, an yi goyo an yi jijjiga ya ƙi shiru. Haka lafiyayyun yara da yawa suke.

To ku lissafa: sati shida kwana 42 ne. Daidai lokacin da aka gama wanka ke nan. Tsohuwar da ta zo zaman jego ta ɗaure kayanta, ko kuma yarinya ta dawo daga gidansu inda ake dafa mata, ake karɓar mata yaro. An yi kitso da lalle, an yi yawon arba'in, kowa ya ce alhamdu lillahi an gama. A satin da yaro ya fi kuka aka janye mata duk wani taimako, ga girki da wanki sun dawo kanta, ga miji da ya yi ta ƙirga kwanaki yana jiran ya samu matarsa yadda ya san ta. Mutum biyu da ba su yi barci ba, cikin ɗaki ɗaya, ga zafi in babu wuta, ga kuka. Abin da ake faɗa a irin wannan daren na ji shi ba adadi: "Wai ke ba ki iya rarrashin yaro ba ne?" "Ai ba ni kaɗai na haife shi ba."

Maganinsa a hannun dangi yake. Kada mai taimako ta tafi ranar arba'in. In ba za ta iya zama ba, a turo ƙanwa ko wata 'yar uwa mai hankali ta zauna har yaro ya kai wata uku, ko ta riƙa zuwa da rana. In babu, a raba kwanaki: yau tuwon dare daga gidan su miji, gobe daga gidan su mata. Kwano ɗaya na tuwo da aka aiko da la'asar ya fi nasihar awa guda amfani. Miji kuma ya sauke buri. In ya tarar ba a share tsakar gida ba, tsintsiya ba ta cizo.

Su biyun su yi yarjejeniya da rana tsaka, lokacin da kowa ke cikin hankalinsa: duk wanda ya ji ransa ya fara tafasa cikin dare zai ce "karɓe shi", ɗayan ya karɓa ba gardama. In mutum shi kaɗai ne, ya kwantar da yaron rigingine a wuri mai aminci, ya fita ƙofar ɗaki, ya yi alwala, ya ba kansa minti biyar ko goma. Kuka na minti goma ba ya cutar da yaro. Girgiza shi da ƙarfi cikin fushi kuwa na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance, ya naƙasa, ko ya mutu, don wuyansa bai yi ƙwarin riƙe kai ba. A faɗa wa duk mai ɗaukar yaron, har 'yar raino. Kada a ɗura masa jiƙo ko maganin sa barci. In kukan ya zo da zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, ko jiki ya saki, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne.

Maganar shimfiɗa

Ana kunyar ta, ita kuma ke kawo rabin ƙarar. Arba'in al'adar wanka ce, ba ita ke nuna jikin mace ya warke ba. A Malikiyya jinin biƙi kan iya kaiwa kwana 60. Wadda aka yi wa ƙari aka ɗinke, ko aka yi wa tiyata, tana buƙatar a duba ta a sati na shida kafin komai. Mai shayarwa takan samu bushewar gaba da raguwar sha'awa, wannan daga canjin jiki ne, ba ƙiyayya ba ce. Ga kuma tsoron kwanika. Shawarar masana lafiya ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, don haka su je tare a yi masu bayanin tazarar haihuwa, su zaɓi abin da suka yarda da shi su biyu. Shan magani a ɓoye, in ya tonu, wani sabon faɗa ne.

Kawu ko babban wa ya ja yaron gefe ya faɗa masa ba kwana-kwana: in ta ce da ciwo, da ciwo, tilasta ta cutarwa ce. Kuma "zan ƙaro aure" ba maganar da ake jefa wa mai jego ba ce don a razana ta. Ke kuma ɗiyata, kada ki juya baya ki yi shiru ki bar shi da zato. Ki ce, "Har yanzu ina jin zafin ɗinkin, ka raka ni a duba." Namiji ya fi iya ɗaukar dalili da a bar shi cikin duhu.

Baki, waya da surukai

Zo mu zauna, zo mu saɓa, wannan kowa ya yarda. Abin koyo shi ne yadda za a saɓa ba a ci mutunci ba. Ƙa'idodin da nake ba yaranmu ba su da yawa. Ba a sa iyaye cikin faɗa. Ba gori, ko na ciyarwa ko na kayan ɗaki. Ba a yi gaban mutane, ko da ƙanwar da ta zo taya aiki ce. Maganar da ta taso bayan Isha'i a ajiye ta sai an karya kumallo. Kuma a faɗi abin da ake so kai tsaye: "Yau ban runtsa ba, ka riƙe mini shi in yi wanka" ya fi "wasu mazan dai sun san darajar matansu" saurin biyan buƙata. Shi ma ya ce, "Yau kasuwa ba ta yi ba, mu lallaɓa da abin da ke akwai," a maimakon ya shigo da ɗaurarriyar fuska yana neman abin da zai yi tsawa a kai. Habaici a WhatsApp kuwa, inda danginsa da ƙawayenta duk za su gani su fassara, a bar shi kwata-kwata.

Raini na fitowa ta kowane ɓangare, na sani. Na ji matan da ke auna mazansu da mijin yayarsu a gaban baƙi. A yi masu faɗa. Amma kada a haɗa laifin baki da na hannu a ce an yi kunnen doki. Duk abin da aka faɗa maka, ƙofa a buɗe take, ka fita. Hadisi ya koyar da cewa mai fushi in a tsaye yake ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Masu kawo mini hujjar duka kuwa, shaidar Nana A'isha nake tuna masu, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba.

Surukai kuma, yawanci a kan yaron ake karo. Asibiti sun ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, kaka ta ce a wannan zafin na Katsina za a kashe mata jika da ƙishi. Ko a kan kanwa da zafin ruwan wanka, alhali tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa, mai zuwa da kumburi da haki. Dabarar ita ce kowa ya ji da nasa: miji ya yi wa mahaifiyarsa magana, mata ta yi wa tata. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, likita ne ya hana, ni na ji da kunnena." Kada a bar suruka 'yar shekara sha tara ta yi musu da uwar mijinta, don ita za ta kwana a ciki.

In ta canza, a duba lafiyarta kafin a kira shi raini

Kuka ba dalili da saurin fushi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da ya zama ruwan dare, yakan wuce cikin sati biyu. In ya zarce, ba ta cin abinci, ba ta barci ko yaro ya yi barci, ta daina kula da kanta, tana cewa ba ta da amfani ko ba ta jin son yaron, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 13 cikin 100 na masu jego a duniya na samun irin wannan matsala, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya kusa 20 cikin 100. Na ga wadda aka mara don "ta ƙi magana", alhali ciwo ne. A yi addu'a, a kuma kai ta asibiti, ana warkewa. In ta fara sambatu, tana jin muryoyi, ko ta ambaci kashe kanta ko yaron, ranar za a kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Maza ma na shiga damuwa, nasu yakan fito ta faɗa, daɗewa a waje, ko shan ƙwaya. Abokinsa ne zai fara gani, shi ya kamata ya fara magana.

In hannu ya riga ya tashi

Za a ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ana saɓawa, amma wannan karin maganar ba ta rufe mari ba. Marin farko shi ne lokacin tsayawa, ba na biyar ba. Kuma duka ba shi kaɗai ba ne cuta: ƙwace mata waya, hana ta zuwa asibiti ko ganin iyayenta, hana cefane don horo, fasa kaya, tsawa har ta riƙa firgita in ta ji ƙarar babur ɗinsa, duk hanya ɗaya suke bi.

Ke uwa ko gwaggo, ki tambayi yarinyar ita kaɗai, ba gaban mijin ba, ba gaban uwarsa ba. Kada ki fara da "me kika yi masa?" Ki ce, "Ɗiyata, kina jin tsoro a gidan nan?" In ta buɗe baki, ki yarda da ita, ki riƙe sirrinta. Akwai alamun da in an ji su ba a maganar komawa ɗaki a ranar: ya shaƙe ta, ya ɗauko makami, ya doke ta da ciki ko da goyo, ya taɓa jaririn, ko ya ce sai ya kashe ta. Shaƙewa musamman, masu binciken irin wannan sun nuna tana cikin manyan alamun da ke gabatar kisa. A kai ta asibiti a duba, a rubuta raunin a kati, don ranar shaida. Katin asibitinta da na yaro, 'yan kuɗi da lambobin waya su zauna wurin maƙwabciyar da ta amince da ita.

Yaji ba abin kunya ba ne, kariya ce da iyayenmu suka bari. Abin kunya shi ne uba ya kora ɗiyarsa ta koma tun kafin ta sauke goyo, wai kada a ce gidansa ba a zaman aure. Biko kuma ba kawo goro da "a yi haƙuri" ba ne. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. A ji ta bakin kowa daban, don mai tsoro ba ta magana gaban wanda take tsoro. Ya amsa laifinsa da bakinsa ba tare da "amma ita ma" ba. In da shaye-shaye, a fara da neman magani. A sa sharaɗi gaban shaidu, a faɗi abin da zai biyo baya in ya sake, kuma a tambaye ta ko ta yarda ta koma. In ta ce a'a, ba a ɗaura mata.

In abin ya fi ƙarfin dangi, akwai mai unguwa da liman, akwai Hisba, akwai ma'aikatar harkokin mata, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke aiki da shi, alƙali na da ikon raba aure saboda cutarwa in ta tabbata. Tun 2015 kuma Najeriya ke da dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta sa dukan mata ko miji cikin laifuffuka, jihohi suka riƙa ɗaukar ta ɗaya bayan ɗaya. In rai na cikin haɗari, 'yan sanda ko lambar gaggawa 112, kuma maƙwabcin da ya ji ihu ya buga ƙofa, kada ya ƙara sautin rediyo.

Wanda ya tsaya a sulhu bai gama aiki ranar da aka mayar da ita ba. Ko a gidan da ba a taɓa jin komai ba, hanya mafi sauƙi ta bibiya ita ce ranakun rigakafin yaro, sati 6, sati 10 da sati 14. Wata babba daga dangi ta ce ita za ta raka ta, babu mijin da zai ga laifin wannan. A layin asibiti ana daɗewa, ga lokaci, ga shi ba kowa na gida kusa. Nan za ki tambaye ta barci, cefane, da yadda yake mata magana in ya yi fushi. In ta ce lafiya lau, ki karɓa, ki sake tambaya ranar allura ta gaba. Shi kuma kawunsa ya bi ta shago ko wurin aikinsa a satin, ya yi masa irin tambayoyin.